Zane Ya Hau Zane

Dogo direban babbar mota ne, kuma da an bar shi da zaɓinsa, a kan hanya zai tsufa. Yana can nesa, ɗauke da lodin siminti, ƙanwarsa Auta ta kira shi ta ce Baba ya faɗi a shago. Kafin ya iso gida, likitoci sun gama abin da za su iya. Ɓarin dama ya shanye, hannu da ƙafa, baki ya ɗan karkace. Magana kuwa ta tafi, sai kalma biyu da suka rage wa tsohon. Ko me aka tambaye shi, ko me yake so ya faɗa, "haka ne" ke fitowa.

"Ruwan wankan ya yi zafi?" in ji Mama.

"Haka ne."

"Ko dai ya yi sanyi?"

"Haka ne."

Da farko har dariya suke yi, shi ma ya taya su da rabin bakinsa. Daga baya dariyar ta ƙare. Likita ya ce yana jin komai, yana gane komai, fitar da magana ce ta gagara. Ko gyaɗa kai ba a dogara da shi, don wani lokaci sai ya gyaɗa alhali a'a yake nufi, in aka yi masa abin sai ya hau fushi.

Baba mai feƙe ƙarfe ne. Shagonsa ɗan ƙarami ne, a tsakanin shagon mai walda da na masu kwance injin ban ruwa. Injin feƙe guda ɗaya ne a ciki, tsoho, fentinsa kore ya goge a duk inda hannu ke taɓawa. Ana danƙa sandar ƙarfe a bakin injin, ta yi ta juyawa, mai aiki ya matso da wuƙa yana rage ta har ta kai kaurin da ake so. Dogo ya ɗan koyi wannan yana matashi, kafin son mota ya janye shi. Ya iya rage ƙarfe, ya iya huda, ya iya yanke. Sai ya ce wa mai motarsa ya ba shi lokaci, ya karɓi makulli wurin Mama ya buɗe shago, don kada masu kawo aiki su saba da wani wuri.

Ƙananan ayyuka ya yi ta yi yana samun tsira da mutuncinsa, har ranar da Mai Keke ya zo. Wannan mutum gyaran gadajen asibiti da kekunan marasa lafiya yake yi, kuma shi ya ara wa Baba keken da ake tura shi a kai. Ya zaro wani ɗan ƙarfe daga aljihu ya ajiye a tafin Dogo. Dunƙulallen marfi ne da ake murɗawa a ɗaga sandar rataye ledar ƙarin ruwa ko a sauke ta. Gefensa duk zane ne, gida-gida, ƙanana masu tsini kamar bayan abarba, jere reras.

"Aikin babanka ne," in ji Mai Keke. "Nas-nas ɗin nan hannunsu kullum a cikin safar roba yake, ga danshi. Na roba da ke zuwa da sandunan duk sun farfashe, masu santsi kuma zamewa suke yi. Irin wannan nake so, cikin gwangwani guda. Za ka iya?"

Dogo ya shafa zanen da babban yatsa. Ya sha ganin Baba yana yin sa, amma bai taɓa tsayawa ya kalla da kyau ba.

"Zan gwada."

"Haba, barewa ta yi gudu ɗanta ya yi rarrafe? Ni dai sati mai zuwa zan leƙo."

Ya samo abin yin zanen a cikin wani tsohon gwangwanin madara, naɗe da tsumma mai mai. Ƙarfe ne mai 'yan tayoyi biyu a kai, kowace da haƙora a karkace, ɗaya ta kwanta dama, ɗaya hagu. Baba "tagwaye" yake ce musu. Ba yanka suke yi ba, danna su ake yi a jikin ƙarfen yana juyawa, haƙoran su nutse, layin wannan ya gitta layin waccan, gidajen su fito. Iyakar abin da Dogo ya sani ke nan.

Ya ɗaura tagwayen, ya feƙe sanda daidai kaurin samfurin gwargwadon yadda ma'auni ya nuna masa, ya tada inji. Ya riƙa murɗa ɗan sitiyarin da ke matso da su a hankali, kamar mai shiga kwana da lodi. Suka taɓa ƙarfen, suka fara kuka. Da ya kashe inji ya duba, sai ya ga zane ya hau zane. Haƙoran ba su koma cikin ramin da suka fara yi ba, kowane zagaye sai sun buɗe sabo a gefensa. Maimakon gidaje masu tsini, wasu 'yan tsaga-tsaga ne birjik, kamar inda kaji suka yi tono. Ya shafa, garin ƙarfe ya biyo yatsansa.

Ya yanke wurin ya sake. Haka. Ya ƙara gudun inji, abin ya ƙara lalacewa, har ƙarfen ya yi zafi. Ya rage gudu ya zuba mai, ya ɗan fi kyau, amma zanen biyu-biyu ne dai.

Mai Walda ya leƙo da tabaransa a goshi. Mutum ne mai kirki, mai yawan shawara a kan abin da bai sani ba.

"Garaje kake yi, Dogo. Ƙarfe lallashi yake so. Sannu ba ta hana zuwa."

"Ai lallashin nake yi tun safe."

"To ƙara lallashi."

Ya ƙara. Tagwayen suka yi ta shafar ƙarfen kamar masu jin kunya, suka bar shi fari fat da ƙura. Mai Walda ya karɓa ya juya, ya ce ko dai tayoyin ne suka tsufa, ya koma wurin aikinsa.

Kwanaki suka yi ta tafiya a haka. Dogo ya nemo hotunan bidiyo a waya, inda wasu mutane masu tsabtataccen shago ke yin zanen cikin ƙiftawar ido suna bayani da harshen da ba ya ji. Yana ganin hannayensu, amma waya ba ta nuna ƙarfin da hannu ya sa. Ya je wurin wani mai feƙe a ɗaya gefen gari, ya tarar mutumin na fama da aiki, ko ɗago kai bai yi sosai ba, ya ce, "Kawo, ni in yi maka." Dogo ya yi godiya ya fito. Guntayen ƙarfen da ya ɓata suka fara taruwa a ƙarƙashin inji, yana turawa ciki da ƙafa in ya ji tafiyar mutum.

Wata rana da yamma ya kai ɗaya gida. Baba na zaune a tsakar gida, an jingina masa matashi a ɓarin da ya mutu. Dogo ya durƙusa ya sa masa ƙarfen a hannun hagu. Tsohon ya shafa sau ɗaya, ya rufe ido.

"Haka ne," ya ce, da muryar da ko yaro ya san ba yabo ba ne.

"Na sani, Baba. Me nake yi ba daidai ba? Gudun ne?"

"Haka ne."

"Ko mai ne bai isa ba?"

"Haka ne. Haka ne!"

Ya ɗaga hannun hagu ya yi wani abu a iska, kamar mai turawa, kamar mai murɗawa. Dogo ya kawo masa alli da katako. Hannun da bai taɓa rubutu ba ya yi wani layi a karkace, ya yi wani, alli ya karye. Baba ya jefar da shi ya juya fuska wajen bango. Ƙirjinsa na hawa da sauka.

Mama ta fito daga kicin tana goge hannu. "Kai da aka ce kada a tayar masa da hankali? Ka bar masa ƙarafan nan a can."

"Mama, shi kaɗai ya san abin."

"Ya san shi, to. Ka ga yana da bakin faɗa?"

Ta faɗi haka a gabansa, sai kuma ta dafe bakinta. Ta je ta gyara masa matashin da bai goce ba.

Amma da safe, da Dogo ya ɗauki makullin shago, Baba ya fara bugun hannun keke da tafinsa. Aka kawo masa ruwa, ya ture. Aka tambaye shi ko bayi zai shiga, ya ƙara bugu. Idonsa na kan makullin. Mama ta ce ba inda za shi. Ya yi ta bugu har tafin ya yi ja, sannan ta shiga ɗaki ta ɗauko masa hularsa da babbar rigarsa mai faɗin hannu, don ta ce mijinta ba zai ratsa layi da rigar barci ba.

"Kallo kawai," ta ce wa Dogo. "Ka ji ni? Kallo."

Hanyar ba nisa, amma sun daɗe, saboda kowa sai ya tsaya gaisuwa. "Ya jiki, Baba?" "Haka ne." "Allah ya ƙara sauƙi." "Haka ne." Masu gaisuwar suka tafi suna cewa ai jiki ya yi kyau, har magana yake yi.

A shago Dogo ya ajiye keken kusa da inji inda tsohon zai ga komai, ya taka masa birki. Baba ya daɗe yana kallon wurin. Ya kalli tarin guntayen da ke ƙarƙashin inji, ya kalli ɗansa, bai ce ko haka ne ɗin ba. Mai Walda ya shigo gaisuwa, ya ce ai yanzu aiki zai yi kyau, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Maganar na fita ya ga hannun da ke kwance a cinyar Baba, ya yi tari, ya ce ya bar wuta a kunne.

Dogo ya ɗaura sabuwar sanda, ya tallafe ƙarshenta da tsinin da ke riƙe ta kada ta lanƙwashe, ya sa gudu a ƙasa, ya zuba mai. Duk wannan Baba bai motsa ba. Da ya fara matso da tagwayen sannu-sannu, sai tsohon ya yi wani gurnani ya hau bugun keke.

"In tsaya?"

"Haka ne!"

Ya tsaya. Bugun ya ƙaru.

"In ci gaba?"

"Haka ne!"

Ya ci gaba yadda ya saba. Baba ya fizgi gefen rigarsa har ya kusa faɗowa daga keken. Dogo ya ja tagwayen baya ya juyo, gumi na zuba a idonsa.

"Baba, don Allah. Ban gane ba. Wallahi ban gane ba."

Tsohon ya miƙa hannu ya kama gefen injin, ya fara jan jikinsa sama. Ƙafar hagu ta taka ƙasa, ta dama ta biyo tana ja. Dogo ya san abin da Mama ta ce, ya san likita ya hana shi tsayuwa. Amma ya ga fuskar ubansa, ya kasa mayar da shi. Ya zagaya bayansa ya rungume ƙugunsa da hannu biyu, ya ɗaga shi tsaye a gaban injin da ke juyawa. Bai yi zaton ya rame haka ba, duk haƙarƙarinsa ana ji ta cikin riga.

Baba ya ɗora hannun hagu a kan ɗan sitiyarin. Ya matso da tagwayen har suka kusa taɓa ƙarfen, ya ɗan dakata, sannan ya murɗa da dukan ƙarfin da ya rage masa, gaba ɗaya, ba lallashi. Injin ya yi nishi, bel ya yi ƙara, Dogo ya zaci wani abu zai karye. Ta saman kafaɗar tsohon ya ga ƙarfen ya sauya kama. Ko yana juyawa ana ganin layukan a tsaye, manya, kowanne a wurinsa.

Sai ƙafar hagun ta saki.

Nauyin Baba ya zube gaba. Hannun da ya mutu ya yi lilo, faffaɗan hannun rigar ya faɗa kan sandar, sabon zanen mai kaushi ya cafke shi ya fara naɗewa. Makunnin injin na can gefe. Dogo na ganinsa, amma in ya saki hannu ɗaya fuskar Baba za ta faɗa bakin inji. Ya ƙwala wa Mai Walda kira, ƙarar abin goge ƙarfe daga shagon can ta haɗiye muryarsa. Rigar na ja, shi ma yana ja, kafaɗar tsohon na matsawa. Ya sa ƙafa ya tokare jikin injin ya fizga baya da iyakar ƙarfinsa. Ɗinkin kafaɗa ya ɓarke. Suka faɗi tare a kan keken, keken ya kife, suka zube ƙasa cikin garin ƙarfe.

Injin ya ci gaba da juyawa, hannun riga na faɗa masa fat-fat-fat, har Mai Walda ya shigo da gudu ya kashe.

Baba bai karye ba. Fatar damtsensa ta saɓule, ƙugu ya bugu, hula ta faɗa cikin tiren mai. Dogo ya tallafo kansa yana ta tambaya, "Ina ke ciwo? Nan? Nan?" duk da ya san ba amsar da za ta zo. Sai ya ga gaban rigar ya jiƙe, jiƙewar da ba ta mai ba. Mai Walda ma ya gani. Ya cire rigar aikinsa ya rufa wa tsohon a cinya, ya fita ya tsaya a bakin ƙofa ya bai wa shagon baya, yana ce wa masu taruwa ba komai, keke ne ya goce. Baba ya rufe ido, hawaye na gangarowa ta gefen da ke da rai da gefen da ba shi da shi.

Mama ba ta yi faɗa ba, da ta yi da ya fi sauƙi. Ta karɓi mijinta ta wanke shi, ta sa masa magani, ta ɗauki yagaggiyar rigar ta daɗe tana kallo, ta cusa ta ƙarƙashin gado. Abin da ta ce wa Dogo kawai shi ne, "Na ce maka kallo." Daga nan ta kira Auta a waya ta shiga ɗaki ta rufe.

Washegari Dogo ya warware tsumman daga jikin sandar. Zanen Baba na nan, faɗinsa bai fi yatsa ba, gidajen cif-cif, tsininsu na cizon fata. Ya ɗaura wata sandar ya yi yadda ya gani: ya matso, ya dakata, ya danna gaba ɗaya. Ya fito. Ya tsaya yana kallonsa, bai ji daɗin da ya zaci zai ji ba. Ya yi na biyu, shi ma ya fito. Na uku kuwa zane ya sake hawa zane, alhali ya rantse abin da ya yi wa na farko shi ya yi masa. Haka ya wuni, wani ya yi kyau, wani ya lalace. Ya lura wani lokaci in ya ɗan ƙara feƙe sandar kaɗan, kamar kaurin gashi, sai zanen ya zauna, wani lokaci kuma hakan ne ke ɓata shi. Akwai wata ƙa'ida tsakanin kaurin ƙarfe da haƙoran tagwayen, ya ji a jikinsa akwai, amma bai san ta ba, kuma ba zai ƙara kai ƙarfe gida ba.

Mai Keke ya zo ya zazzage abin da aka samu a kan benci. Ya ware masu kyau gefe, ba su kai rabin gwangwanin ba. Ya riga ya ji labarin faɗuwar, don haka bai yi zancen barewa ba.

"Waɗannan sun yi, Dogo, wallahi sun yi. Sauran dai zan kai can gefen gari, don ɗakin haihuwa sun matsa mini, da igiya suke ɗaure sandunan. Kada ka ji komai."

"Ba komai."

"Keken kuma ka kawo in daidaita masa taya. Na ji ya ɗan karkace."

Auta ta zo da mijinta da mota a ƙarshen satin. Gidansu na kusa da asibiti, akwai ɗaki a ƙasa, akwai masu gashin ƙashi da motsa jiki da ke zuwa har gida. An riga an gama maganar tsakaninta da Mama, Dogo sanar da shi kawai aka yi. Bai musa ba. Shi ya ɗauki Baba cak ya sa shi a kujerar gaba, ya ɗaura masa bel, ya gyara masa hannun a kan cinya. Tun ranar faɗuwar tsohon bai yarda sun haɗa ido ba. Yau ma gilashin gaba yake kallo.

"Zan riƙa zuwa, Baba."

Auta ta leƙo ta taga. "Yaya, shagon fa? Za ka riƙe, ko za ka koma mota? Mai motar ya kira Mama har sau nawa."

"Ban sani ba tukuna."

"To ka yi tunani. Kai ma kana da iyali."

Mama ta shiga baya, motar ta tashi, ta bi ta layin shagunan don nan ce hanya. Dogo ya bi su da ido har suka sha kwana, sannan ya koma ya rufe ƙofar gidan, ya taka zuwa shago. Wani mutum na zaune a kan benci a bakin ƙofa da ƙarfen famfo a cikin buhu, ya ce tun ɗazu yake jira, gonarsa ta kwana biyu ba ruwa.

"Ina dattijon?" ya tambaya.

"Ba ya nan. Mu ga abin."

Mutumin ya dube shi sama da ƙasa, ya dubi sauran shagunan layin. Sannan ya buɗe buhun.